Yadda ake kare tsofaffin gidaje daga zafi: Bayani daga Suleja da kewayen Dutsen Zuma

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, kafin saukar ruwan farko, zafin rana a garin Suleja da ƙauyukan da ke gindin Dutsen Zuma yakan haura digiri 35 a ma'aunin salshiyos. A cikin ɗakin da aka rufe da kwano kuwa, abin ya fi haka tsanani, domin ɗakin yakan ci gaba da huci har bayan sallar isha'i, sa'ad da waje ya riga ya fara sanyi. Wannan ne ya sa iyalai da dama ke shimfiɗa tabarmi a tsakar gida su kwana, su gwammace cizon sauro da gumin ɗaki.

Maganin wannan matsala bai tsaya ga sayen fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba. Masana gine-gine sun kasa aikin gida biyu: hana zafi ratsa rufi da bango, da kuma toshe kafofin da iska mai zafi da ƙura ke kutsawa ta cikinsu. Dukkan ayyukan biyu ana iya yi wa tsohon gida ba tare da an rushe shi ba.

Gari da yanayinsa

Suleja ita ce tsohuwar Abuja, wadda Sarki Abu Ja ya kafa a 1828, bayan da sarakunan Zazzau na Haɓe suka baro Zariya a zamanin jihadi. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga wancan lokaci, musamman bayan da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, garin ya zama masaukin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin hayar birnin tarayya ya fi ƙarfinsu.

Wannan tarihi ya bar wa Suleja gidaje iri uku. Akwai tsofaffin gidajen ƙasa na cikin gari, waɗanda akasari an riga an canja musu rufi zuwa kwano. Akwai gidajen haya na bulo da siminti da aka gina cikin gaggawa daga shekarun 1980, masu ɗakuna a jere suna kallon juna. Akwai kuma gidajen ƙauyukan Gbagyi da Koro, inda har yanzu akan ga ɗakin ƙasa mai jinka kusa da na kwano.

Yankin ba sahara ba ne. Rani yana kamawa daga Nuwamba zuwa Maris, da hunturu mai ƙura a tsakiyarsa, amma damina tana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a shekara yakan wuce milimita 1,000. Saboda haka gida a Suleja yana da abokan gaba biyu, busasshen zafi na bazara da danshin damina. Duk gyaran da ya kula da ɗaya ya manta da ɗaya, zai haifar da wata matsalar.

Ta ina zafi ke shiga gida?

Zafi yana tafiya ta hanyoyi uku. Yana ratsa jikin abu, kamar yadda cokalin ƙarfe ke ɗaukar zafi idan aka bar shi cikin tukunya. Yana zuwa a matsayin haske, kamar yadda mai zama kusa da murhu ke jin wuta a fuskarsa ba tare da ya taɓa ta ba. Yana kuma bin iska, ya shiga duk inda ta shiga.

A gida mai hawa ɗaya, rufi ne babbar ƙofar zafi. Suleja tana kusan digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka da tsakar rana hasken yana sauka kusan kai tsaye daga sama. Idan sararin sama ya washe, kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar ƙarfin rana da ya kai kimanin wat 1,000. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi yana da rufin da ya kai murabba'in mita 13, wato ƙarfin ranar da ke dukansa ya yi daidai da dutsen guga na lantarki goma sha uku da aka kunna a lokaci guda. Ba dukkan wannan zafi ke shiga ɗaki ba, amma kwanon da ya yi tsatsa ko mai duhun launi yana shanye mafi yawansa, har zafin jikinsa ya kai digiri 60 ko fiye, sa'annan ya feso shi ƙasa.

Bayan rufi sai bangon gabas da na yamma. Na yamma ya fi illa, domin rana tana dukansa daga azahar zuwa la'asar, lokacin da iskar waje ma ta kai ƙarshen zafinta. Bulo mai rami da aka yaɓe da siminti yana ɗaukar wannan zafi da sauri, ya kuma sake shi cikin ɗaki da farkon dare, daidai lokacin da mutane ke neman barci.

Abin da maginan da suka sani

Ginin gargajiya na ƙasar Hausa ya daɗe da samun amsar wannan tambaya. Ana ɗora tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya yi kauri daga ƙasa ya riƙa sirancewa zuwa sama. A birane irin su Kano da Zariya da Katsina ana rufe soro da azara, wato itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a kai, ruwa kuma ya sauka ta indararo. Ana kare bangon waje da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, shi ne misalin da aka fi ambatawa na ƙwarewar waɗannan magina.

Sirrin bangon ƙasa shi ne jinkiri. Ƙasa ba ta hana zafi wucewa gaba ɗaya, amma tana riƙe shi. Bango mai kaurin santimita 30 zuwa 40 yakan jinkirta zafin rana na tsawon sa'o'i takwas ko fiye, sai zafin ya iso cikin ɗaki cikin dare, lokacin da za a iya buɗe taga iskar dare ta kwashe shi. Jinka kuwa aikinta daban ne: ciyawa tana ƙunshe da iska a tsakanin siraranta, iskar da ba ta motsi kuma tana daga cikin abubuwan da zafi ya fi wahalar ratsawa.

An bar waɗannan hanyoyi saboda dalilai na gaskiya. Soro yana bukatar yaɓe kowace shekara, kuma a wuri mai yawan ruwa irin Suleja yakan yi yoyo. Jinka tana cin wuta, tana ruɓewa, tana tara ƙwari. Kwano ya kawar da waɗannan wahalhalu, amma ya kawo zafi. Aikin mai gyaran tsohon gida a yau shi ne ya dawo da amfanin jinka da soro ba tare da ya cire kwanonsa ba.

Gyaran rufi

Mataki mafi sauƙin kuɗi shi ne canja launin rufi. Farin fenti yana mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hasken rana idan sabo ne, alhali rufi mai duhu yana shanye mafi yawansa. Birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, wanda zafin watan Mayu na 2010 ya hallaka mutum fiye da 1,300 a cikinsa, ya fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya kuma ya shiga shafa wa rufin gidajen marasa ƙarfi farar ƙasa da farin fenti. An ga cewa hakan kan rage zafin cikin ɗaki da digiri biyu zuwa biyar. Kafin a shafa, dole a kankare tsatsa, a wanke kwano, a toshe ramukan ƙusa. Ƙurar hunturu tana dusashe farin, don haka ana bukatar wanke shi kafin bazara ta kama.

Mataki na biyu shi ne silin. Ɗakin da ba shi da silin yana karɓar zafin kwano kai tsaye a kan mazauna cikinsa. Silin na katako ko na roba ko na POP yana tsare wannan, amma shi kaɗai siriri ne, yakan yi zafi shi ma ya ci gaba da fesowa. Abin da ke kawo babban bambanci shi ne shimfiɗa makarin zafi a bayansa: audugar gilashi, ko audugar dutse, ko farin soso mai kumfa irin wanda ake tallabe sabuwar talabijin da shi a kwali. Kaurin santimita biyar na audugar gilashi yana tsare zafi fiye da bangon kankare mai kaurin mita ɗaya, domin ita ma iska ce take riƙewa a cikinta, kamar jinka. Sharaɗin shi ne a shimfiɗa ta ko'ina ba giɓi, kada a danne ta, kada kuma ruwa ya taɓa ta. Saboda haka gyaran yoyo ne ke zuwa farko.

Akwai kuma takardar alminiyam mai sheƙi da ake ɗaurawa a ƙarƙashin kwano. Tana tsare mafi yawan zafin da kwano ke fesowa, amma sai an bar sarari na iska a gefenta mai sheƙi. Idan aka manna ta a jikin wani abu, ko ƙura ta lulluɓe fuskarta, amfaninta ya ragu ƙwarai.

Mataki na uku shi ne ba wa sararin da ke tsakanin kwano da silin hanyar numfashi. Iska mai zafi sama take yi, don haka idan aka bar kafofi a ƙarƙashin bakin rufi da kuma can ƙololuwa, za ta riƙa fita da kanta, mai sanyi ta maye gurbinta. Ana rufe kafofin da ragar waya saboda jemagu da ɓeraye da tsuntsaye. Wannan dabara ce masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya yi amfani da ita a makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001: ya ɗaga rufin kwano sama da silin na tubalin ƙasa, iska tana ratsawa tsakani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar yabo ta Pritzker.

Bango, taga da inuwa

Ya fi sauƙi a hana rana taɓa bango da a hana zafinta ratsa shi. Rumfa, baranda, bakin rufi mai faɗi, ko bishiyar darbejiya ko mangwaro a gefen yamma, duk suna yin wannan aiki, sai dai a dasa bishiya nesa kaɗan da tushen gini saboda saiwoyi. Farar ƙasa ko fenti mai haske a bangon waje yana taimakawa kamar yadda yake yi a rufi. Simintin da ake malale tsakar gida da shi kuwa yana shan rana ya mayar wa bango da tagogi, don haka barin wani sashe da ƙasa ko shuke-shuke yana rage huci.

Gilashin taga yana barin hasken rana ya shiga, ya kuma hana zafin fita. Labulen ciki yana tare haske ne bayan zafin ya riga ya shigo. Asabari ko murfin katako da aka rataya ta waje ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Game da tsohon bangon ƙasa, akwai kuskuren da ya yawaita: yaɓe shi da siminti mai ƙarfi. Siminti ba ya haɗuwa da ƙasa sosai. Yakan tsage, ruwan sama ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe daga ciki har bango ya rufta. Yaɓen ƙasa ko na farar ƙasa, wanda ke barin danshi ya fita, shi ya dace da irin wannan bango, tare da bakin rufi mai faɗi da magudanar da ke janye ruwa daga gindinsa.

Toshe kafofin iska

A tsohon gida iska tana shiga ta wuraren da ido bai cika lura da su ba: ƙarƙashin ƙofa, tsakanin firam ɗin taga da bango, gilasan tagar luba da suka karye ko suka daina haɗuwa, mahaɗar silin da bango, ramin ƙugiyar fanka, da inda bututu ko waya suka huda gini. Kafofin silin sun fi muni, domin ta nan iskar da ta gasu a ƙarƙashin kwano ke sauka cikin ɗaki tare da ƙura.

A Amurka, inda gwamnati ta fara shirin tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi su gyara gidajensu ta wannan fuska tun 1976, ana auna yoyon iska da wata babbar fanka da ake ɗaurawa a bakin ƙofa. Mai gida a Suleja yana da ma'auni mafi sauƙi. Hunturu da kansa yana nuna kafofin: duk inda aka ga layin ƙura ya taru a gindin taga ko ƙofa, nan iska ke shiga. Idan aka rufe ɗaki da rana aka tsaya a ciki, duk inda haske ya leƙo kafa ce. Hayaƙin turaren tsinke kuma yana karkata idan aka kusantar da shi wurin da iska ke motsi.

Kayan aikin ba su da tsada: foti ko silikon don ƙananan tsagu, kwaɓin siminti ko na ƙasa don manyan ramuka gwargwadon irin bangon, da zaren roba da ake mannawa a gefen ƙofa da ƙarƙashinta.

Manufar toshe kafofi ba ita ce a mayar da ɗaki kwalba ba. Manufar ita ce mai gida ya zama shi ke zaɓar lokacin da iska za ta shiga. A bazara ana rufe tagogi da hantsi kafin waje ya fi ciki zafi, a buɗe su bayan magariba, musamman masu fuskantar juna, iskar dare ta sanyaya bango. A damina kuwa ana bukatar iska ta riƙa ratsawa kusan kullum, don kada danshi ya zauna ya haifar da fumfuna. Raga mai kyau a taga ita ce ke ba da damar yin haka ba tare da an gayyato sauro ba.

Inda haɗari yake

Ɗakin da aka toshe sosai yana riƙe duk hayaƙin da aka saka masa. Janareta da gawayi da risho suna fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma ta sha hallaka iyalai cikin barci a sassan Najeriya. Ba a kunna janareta a ɗaki, ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko kusa da taga. Ba a shiga da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyi. Ɗakin girki kuma dole ya kasance da mafitar hayaƙi a buɗe koyaushe. Haka nan cunkoso a ɗakin da iska ba ta shiga yana taimaka wa yaɗuwar sanƙarau a lokacin rani, da kuma tarin fuka.

Gidaje da yawa da aka gina a shekarun 1970 zuwa 1990 suna da silin ko rufin asbestos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa shaƙar ƙurarsa tana haddasa sankarar huhu da wasu cututtuka, waɗanda kan bayyana bayan shekaru masu yawa. Muddin allon yana nan lafiya, barinsa ya fi taɓa shi. Ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a goge shi. Idan ya farfashe har ya zama dole a cire, ana jiƙa shi da ruwa, masu aikin su rufe hanci da baki da abin kariya na musamman.

Farin soso yana cin wuta, yana kuma fitar da hayaƙi mai guba, don haka ba a barinsa a fili ko kusa da ƙwan lantarki mai zafi. Tsofaffin wayoyin da ke bayan silin su ma suna bukatar mai gyaran lantarki ya duba su kafin a lulluɓe su da kowane irin makari.

Lissafin kuɗi da matsayin doka

Ko da yake Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, wutar lantarki ba ta wadata a gidaje ba, kuma ta yi tsada. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. A wannan farashi, na'urar sanyaya ɗaki mai cin wat 900, idan ta yi aiki sa'o'i takwas ba yankewa, za ta ci sama da naira 1,600 a dare ɗaya. Mai dogaro da janareta kuwa yana fama da farashin fetur tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023. Ɗakin da aka gyara rufinsa aka toshe kafofinsa yana sa na'urar ta riƙa hutawa, kuma yana riƙe sanyinsa bayan an ɗauke wuta. Fenti da makarin zafi ba su bukatar lantarki kafin su yi aiki.

A 2017 Ma'aikatar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus, ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine. Daga cikin abin da ta tanada akwai sanya makarin zafi a rufi, da taƙaita faɗin tagogi ko yi musu inuwa. Sai dai ƙa'idar ta fi fuskantar sababbin gine-gine, aiwatar da ita kuma ya rataya ne a wuyan hukumomin ba da izinin gini na jihohi. Tsofaffin gidaje, waɗanda su ne mafi rinjaye, suna hannun masu su.

A nan ne matsalar gidan haya take. Mai gida ne ke da ikon gyaran rufi, amma ɗan haya ne ke shan zafi, shi ke biyan kuɗin wuta. A wasu lokuta ana warware wannan ta hanyar yarjejeniya a rubuce, ɗan haya ya yi gyaran a cire masa daga kuɗin haya. Inda hakan bai yiwu ba, asabarin waje, zaren roba a ƙofa, da kula da lokacin buɗe taga, abubuwa ne da ɗan haya zai iya yi da kansa.

Jerin aiki

Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da gyaran yoyo da duba wayoyi, sai farin fenti a rufi da inuwa a bangon yamma, sai silin da makarin zafi da kafofin numfashi na rufi, sa'annan a toshe kafofin ɗaki. Sayen na'ura shi ne na ƙarshe, domin bayan waɗannan gyare-gyare ƙaramar na'ura ko fanka ma takan wadatar. Lokacin aikin kuwa shi ne Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke, zafi bai kama ba.

Batun ya wuce jin daɗi. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwanaki huɗu, akasarinsu tsofaffi. A watannin da suka gabaci wannan, hukumar NiMet ta yi ta gargaɗin tsananin zafi a jihohin Najeriya. Waɗanda zafi ya fi kayarwa su ne tsofaffi, jarirai, masu juna biyu da masu ciwon zuciya ko hawan jini, kuma su ne suka fi yini a cikin ɗaki. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. A wannan fanni, rigakafin yana farawa ne daga saman kwano.